Wutar da ke Cikin Kai: Tarihin Binciken Ƙwaƙwalwar Mai Waswasi

Mai karatu, da wuya a ce ba ka san irin mutumin nan ba. Ya rufe shago da magariba, ya danna kwaɗo, ya ja ya ji ya kama, ya yi tafiya har bakin titi, sai zuciyarsa ta ce masa, anya kuwa? Ya dawo ya sake ja. Ya tafi, ya kuma dawowa. Ko wanda za ka tarar a bakin famfon masallaci tun ana kiran salla, har liman ya sallame bai gama alwala ba, ya ƙarar da buta uku, fatar hannunsa ta yi fari ta tsattsage. Ko mai jegon da tunanin za ta yar da jaririnta ke faɗo mata dare da rana, tana ƙyamar tunanin, tana kuka a ɓoye, ba ta iya gaya wa ko mahaifiyarta. Mu dai sunan da muke ba abin shi ne waswasi. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, idan ya kai yana cinye wa mutum fiye da awa guda a kullum, ko yana hana shi harkokinsa, suna lissafa shi cikin cututtuka. Masu Ingilishi na taƙaita sunan da OCD, masu Faransanci kuma da TOC.

Abin da ke ɗaure kai a wannan ciwo shi ne mai shi yana cikin hayyacinsa. Ya san ƙofar a rufe take. Idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa, in ka tambaye shi zai ce maka shi ma ya san abin da yake yi babu ma'ana. To me ya hana sanin ya zauna masa a rai? Me ya sa hankalinsa ke maƙalewa a kan abu guda kamar ƙaya a bakin zane? Wannan tambaya ta fi shekara dubu, amma auna ta da na'ura bai kai shekara ɗari ba.

Tun kafin a san lantarki

Cikin waɗanda suka fara rubutu a kan waswasi a matsayin ciwo akwai Abu Zaid al-Balkhi, ɗalibin al-Kindi, wanda ya rasu a shekarar 934. An fi saninsa da ilimin taswirar ƙasa, amma ya bar wani littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, Masalih al-Abdan wa al-Anfus, wanda a cikinsa ya keɓe babi ga tunanin da ke naniƙe wa mutum yana tsorata shi da abin da ba lallai ya faru ba. Shawararsa ita ce mai wannan hali ya guji kaɗaici da zaman banza, ya shiga mutane, ya kama aiki. Ka lura, magana ce a kan inda hankali ke zuwa idan ba a ba shi abin yi ba.

Malaman fiƙihu ma sun san matsalar sarai, domin ita ce ke zuwa musu kullum a zaure. Duk wanda ya yi karatun Ahalari ko Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya wuce ta wurin hukuncin mutumin da shakka ta zame wa jiki a cikin salla. Ba a ce masa ya riƙa komawa yana gyara ba. An ce ya yi watsi da shakkar ya ci gaba, ya yi sujada bayan sallama. Riƙe wannan hukunci a ranka, za mu sake haɗuwa da irinsa a wani asibitin Landan bayan ƙarnuka.

A Turai, limaman coci ne suka daɗe suna fama da masu yawan shakkar zunubi, kafin likitoci su karɓi batun a ƙarni na 19. A 1838 Esquirol na Faransa ya bayyana wata mata da ke tsoron kada ta tafi da kuɗin wani a jikinta ba da saninta ba, har ta riƙa kakkaɓe tufafinta tana dubawa ba iyaka. Faransawa suka riƙa kiran abin haukan shakka. A 1877 Carl Westphal na Barlin ya nuna cewa tunanin yana kutso wa mutum ne da ƙarfi alhali basirarsa lafiya lau, shi kansa yana ganin tunanin baƙo ne gare shi. Sai Pierre Janet, wanda a 1903 ya fitar da babban littafi bayan nazarin marasa lafiya ɗaruruwa a Paris. A ganina Janet ya fi kowa a zamaninsa kusantar gaskiya. Ya ce tushen abin wani ji ne na rashin kammaluwa: mutum ya gama aiki, amma wannan natsuwa ta "shi ke nan, an gama" ba ta sauko masa ba.

Sai dai muryar Freud ce ta rinjaya. Bayan rahotonsa na 1909 a kan wani matashin Biyana da tunanin ɓeraye ya addaba, an shafe wajen rabin ƙarni ana neman asalin waswasi a cikin ƙuruciya da sha'awar da aka danne. An yi ta hira da marasa lafiya shekara da shekaru, samun sauƙi kuwa kaɗan ne.

Daga ƙafar kwaɗo zuwa kan ɗan Adam

Labarin lantarkin jiki ya faro ne daga kwaɗo, na rafi ba na ƙofa ba. A 1791 Luigi Galvani na Bolonya a Italiya ya wallafa cewa ƙafar mataccen kwaɗo na zabura idan aka taɓa jijiyarta da ƙarfe, ya kuma ce dabba na da lantarkinta na kanta. An yi ta jayayya, amma daga baya aka tabbatar cewa saƙon da ke bin jijiya na lantarki ne. A 1875 wani likita a Libaful, Richard Caton, ya buɗe ƙoƙon kan zomaye da birai, ya ɗora wayoyi a kan ƙwaƙwalwarsu, ya ga ma'auninsa na motsi, motsin kuma na sauyawa idan aka haska wa dabbar fitila a ido. Ya kai rahoto gaban taron likitocin Birtaniya, aka saurara, aka watse, kusan aka manta.

Wanda ya kai abin ga mutum shi ne Hans Berger, Bajamushe, kuma dalilin da ya sa shi a hanyar abin mamaki ne. Yana saurayi yana aikin soja, dokinsa ya kayar da shi a gaban dawakan da ke jan igwa, saura ƙiris su tattake shi. A ranar, yayarsa da ke can wani gari mai nisa ta ji faɗuwar gaba, ta matsa wa mahaifinsu sai da ya buga masa waya ta tangaraho yana tambayar lafiyarsa. Berger ya sakankance cewa tsoronsa ne ya yi tafiya ya iske 'yar'uwarsa. Ya bar karatun taurari ya koma likitanci, da niyyar gano ƙarfin da tunani ke tafiya da shi. Wannan bai taɓa samunsa ba. Abin da ya tsinta a hanya ya fi shi amfani.

A ranar 6 ga Yuli 1924, a asibitin jami'ar Jena, ya ɗauki motsin lantarki daga kan wani yaro ɗan shekara 17 da aka yi wa aikin tiyata, wanda aka cire wa wani yanki na ƙoƙon kai. Sai ka san ƙanƙantar abin kafin ka gane wahalar aikin. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Abin da ke isowa fatar kai daga ƙwaƙwalwa kuwa ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, 'yan gomomi kawai. Ƙiftawar ido ko cije haƙori ya isa ya binne shi. Berger mutum ne mai yawan shakkar kansa, saboda haka ya shafe shekara biyar yana maimaita gwajin a ɓoye, a kan marasa lafiya, a kan ɗansa Klaus, har a kan nasa kan, kafin ya wallafa a 1929. Shi ya raɗa wa abin sunan da ake taƙaitawa EEG har gobe.

To ga inda batun hankali ya shigo tun ranar farko. Berger ya ga cewa idan mutum ya zauna shiru ya rufe ido, na'urar na zana igiya mai tsari, hawa da sauka kamar sau goma a sakan guda. Ya kira ta alfa. Da zarar mutumin ya buɗe ido, ko aka ba shi lissafi ya yi da ka, sai igiyar ta ɓace, wasu ƙanana masu sauri su maye gurbinta. Wato a karon farko a tarihi an ga lokacin da mutum ya mai da hankali, a rubuce a kan takarda, ba tare da ya buɗe baki ba.

Ba a yarda da shi ba. Masana suka ce likitan mahaukata ne da bai san injiniya ba, ƙila ma hayaniyar na'urarsa yake aunawa. Sai a 1934 Edgar Adrian na Kambirij, wanda ya riga ya ci kyautar Nobel a 1932, shi da abokin aikinsa Brian Matthews suka maimaita gwajin. Adrian ya zauna gaban taron masana da wayoyi a kansa, yana rufe ido yana buɗewa, igiyar na fitowa tana ɓacewa kowa na kallo. Daga nan musu ya ƙare. Ƙarshen Berger bai yi kyau ba. Ya rataye kansa a 1941 cikin matsanancin ciwon damuwa, kuma takardun da aka tono daga baya sun nuna ya zauna a kotunan zamanin Hitila da ke yanke hukuncin hana masu taɓin hankali haihuwa da ƙarfi. Wannan ma yana cikin tarihin, bai kamata a tsallake shi ba.

Nan da nan EEG ta zama abin dogaro wajen gane farfaɗiya, domin a can lantarkin ƙwaƙwalwa kan yi tsalle ƙarara. Likitoci suka sa rai haka za ta yi wa sauran cututtuka. Akwai ma dalilin zargin ƙwaƙwalwa a batun waswasi: bayan annobar kumburin ƙwaƙwalwa mai sa barci da ta bazu a Turai daga wajejen 1917, an ga waɗanda suka rayu, mutanen da da can lafiyarsu ƙalau, sun koma maimaita motsi, ƙirge-ƙirge da tunanin dole, cutar kuma ta taɓa wasu curarrun sassa ne da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa. A 1944 wasu likitoci a New York suka wallafa binciken EEG na masu waswasi, suka ce sun ga rashin daidaito a wajen da yawa daga cikinsu. Waɗanda suka biyo baya ba su samu abu guda tsayayye ba. Gaskiyar magana, takardar EEG ta mai waswasi, in ka dube ta da ido, yawanci ba ta da bambanci da ta kowa.

Matsalar ita ce hayaniya. Ka ɗauka kana bayan katangar kasuwa ranar da take ci, kana son jin abin da mutum guda ke faɗi a tsakiyarta. Ba abin da zai iso kunnenka sai guguwar muryoyi. Amma da a ce mutumin zai maimaita kalma ɗaya sau ɗari, kai kuma ka naɗi sautin kowane karo daga daidai lokacin da ya buɗe baki, ka jera naɗe-naɗen a kan juna ka fitar da matsakaicinsu, hayaniyar kasuwa za ta cinye kanta tunda kowane karo daban take, kalmar mutumin kuma ta fito fili. Wannan dabara George Dawson ya ƙera wa na'ura a Landan a farkon shekarun 1950, kwamfuta kuma ta zo ta sauƙaƙa ta. Da ita aka fara ganin amsar da ƙwaƙwalwa ke bayarwa ga sauti guda ko haske guda, daki-daki, cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba.

Sai abubuwa suka yi ta fitowa. A 1964 Grey Walter a Biristol ya gano wata igiya da ke tasowa a hankali yayin da mutum ke jiran alamar da aka ce masa tana tafe, igiyar sa rai ke nan. A 1965 Samuel Sutton da abokan aikinsa a New York suka ga wani tudu da ke bayyana kimanin kashi uku cikin goma na sakan bayan abin da mutum bai tabbatar da zuwansa ba, wanda aka sa wa suna P300. A 1973 Steven Hillyard a San Diego ya sa wa mutane abin sauraro a kunnuwa biyu, sauti na shiga dama da hagu, aka ce su kula da kunne ɗaya kawai. Aka tarar tun kashi ɗaya cikin goma na sakan ƙwaƙwalwa ta riga ta fifita sautin kunnen da aka zaɓa. Kai da kake sauraron rediyo a tsakar gida, yara na wasa, ana daka a maƙwabta, amma muryar mai labarai kawai kake ji, wannan tacewar ce ke yi maka aiki.

Hankalin da ya wuce kima

Yanzu an samu ma'aunin hankali, saura a gwada shi a kan masu waswasi. Abin da mutum zai yi zato shi ne a same su da jinkiri, tunda kansu cike yake da tunani kuma komai nasu a hankali suke yi. Sai aka ga akasin haka. A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike a Ingila, cikinsu har da H. R. Beech, suka ba da rahoton cewa wasu igiyoyin na fitowa da wuri a wajen masu waswasi, musamman idan aikin da aka ba su ya ƙara wuya. James Towey da abokan aikinsa a Cibiyar Nazarin Taɓin Hankali ta Jihar New York suka samu irin wannan a 1990 da gwajin sauti.

A 1994 rukunin Towey ya yi amfani da irin gwajin kunne biyu ɗin nan. Akwai wata alama da ke nuna ƙarin aikin da ƙwaƙwalwa ke yi a kan sautin da aka ce a kula da shi. A wajen masu waswasi wannan alama ta fi girma, ta fara da wuri, ta kuma daɗe ba ta sauka ba. Suka fassara abin da cewa hankali ne da ya tattaru fiye da kima, suka danganta shi da yawan aikin ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi. Wannan ya zo daidai da hotunan da Lewis Baxter ya ɗauka a Los Angeles a 1987 da wata na'ura daban mai auna yadda ƙwaƙwalwa ke ƙona sukari, inda aka ga sashen da ke saman kwarmin ido da wani curi na can ciki suna aiki fiye da na sauran mutane.

A nan sai mu yi hattara. Waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan mutane ƙalilan, kuma da aka yi ta maimaita awon P300 a ƙasashe daban-daban sakamakon bai zo baki ɗaya ba: wasu sun ga tudun ya fi girma, wasu sun ga ya fi ƙanƙanta. Masu waswasi ba iri ɗaya ba ne, mai wanke hannu daban, mai duba ƙofa daban, wasu na shan magani, wasu na da ciwon damuwa a haɗe. Amma tunanin da aka fito da shi ya sauya yadda ake kallon ciwon. Mutumin nan da ake yi wa faɗa cewa ba ya natsuwa ya kula da abin da yake yi, wataƙila kulawar ce ta yi masa yawa. Gwajin da Marcel van den Hout da Merel Kindt suka yi a Holan a 2003 ya ƙarfafa wannan ta wata fuska. Sun sa mutane masu lafiya su yi ta kunna murhun gas na cikin kwamfuta suna kashewa suna dubawa, sau da yawa. Daga ƙarshe abin da suka tuna daidai ne, amma amincewarsu da tunawar ta ragu ƙwarai. Ashe yawan dubawar ne da kansa ke haifar da shakka.

Binciken da ya fi tsayuwa da ƙafarsa ya zo ne ta wata ƙofar. A farkon shekarun 1990 rukuni biyu, na Michael Falkenstein a Dortmund ta Jamus da na William Gehring a jami'ar Illinois, kowanne a nasa ɓangaren, suka gano abu guda. Idan aka sa mutum danna maɓalli da sauri, dama ko hagu, ya yi kuskure, cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba wata igiya mai kaifi kan tashi a tsakiyar kai ta wajen gaba. Tana riga mutum sanin ya yi kuskuren. Ka san wannan "kash!" da ke zuwa maka idan ka aika saƙo ga lambar da ba ita ba, tun yatsanka bai bar wayar ba? To wannan ce a lantarkance. Mu kira ta igiyar kuskure. Alamu sun nuna tana fitowa ne daga wani lanƙwasasshen sashe da ke tsakanin ɓari biyu na ƙwaƙwalwa.

Tun a 1987 wani likita Ba'amurke, Roger Pitman, ya kawo shawarar cewa waswasi na iya zama alamar kuskure ce da ta ƙi mutuwa ko da an gyara abin. A shekarar 2000 Gehring, a lokacin yana jami'ar Michigan, shi da Joseph Himle da Laura Nisenson suka gwada. Igiyar kuskure ta masu waswasi ta fi ta sauran mutane girma. An maimaita wannan sau da yawa, a manya da yara, a ƙasashe da dama, kuma yawanci haka ake samu. Wasu binciken ma sun ga cewa ko lokacin da mai waswasi ya danna daidai, ƙaramar alamar da ke biyo baya ta fi ta saura ƙarfi. Ka tuna Janet da jin rashin kammaluwa? Bayan kusan shekara ɗari, abin da ya ji daga bakin marasa lafiyarsa ya fito a jikin na'ura. Mutumin bakin famfo ya wanke hannu daidai, amma wani abu a cikin kansa na ci gaba da buga ƙararrawar cewa akwai saura.

Akwai ƙari biyu masu muhimmanci. A 2011 Anja Riesel da abokan aikinta a Barlin suka auna 'yan'uwan jini na masu waswasi, iyaye, 'ya'ya da waɗanda suke ciki ɗaya, mutanen da ba su da ciwon ko kaɗan, suka tarar su ma igiyarsu babba ce. Sannan an auna marasa lafiya kafin jinya da bayanta, aka ga ciwon ya yi sauƙi sosai amma igiyar na nan yadda take. Wato ita ba ciwon ba ce, ta fi kama da hali na gado da ke sa mutum ya fi saurin kamuwa. Kuma ba ta masu waswasi kaɗai ba ce, ana samunta ga masu wasu cututtukan fargaba.

Saboda haka, mai karatu, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai sa maka wayoyi a kai ya gano ko kana da waswasi. Bambancin da ake magana a kai na matsakaicin rukuni ne da rukuni, ba ya yanke hukunci a kan mutum guda. EEG da ke manyan asibitocinmu aikinta na farko farfaɗiya ne. Ciwon waswasi har yau da tambaya da sauraro ake gane shi, akwai kuma ma'aunin tambayoyi goma da aka tsara a jami'o'in Yale da Brown a 1989, mai maki daga 0 zuwa 40, da ake auna tsananinsa.

Wani abin lura shi ne magani bai jira na'ura ba. A 1966, tun ba a san igiyar kuskure ba, Victor Meyer a asibitin Middlesex na Landan ya gwada wata hanya a kan marasa lafiya biyu. Ya sa su fuskanci abin da suke tsoro, kamar taɓa abin da suke ganin ƙazanta ne, sannan aka hana su wanke-wanken da suka saba. Da farko fargaba kan yi sama kamar mutum zai shiɗe, amma in aka daure sai ta sauka da kanta, kuma kowane karo tana ƙara raguwa. Ga hukuncin Risala ya dawo cikin rigar asibiti: shakkar ta zo, kada ka biya mata buƙata. Wannan hanya ce har yanzu kan gaba, ana yin ta mataki-mataki tare da ƙwararre, da yardar mara lafiya. A ɓangaren ƙwayoyi, likitoci a Sifen sun lura a ƙarshen shekarun 1960 cewa clomipramine na taimakawa, Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 1989, sannan irin su fluoxetine suka biyo baya. Sukan ɗauki makonni takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga cikakken amfaninsu, abin da ke sa mutane da yawa yar da su tun ba a je ko'ina ba. A 1992 Baxter ya sake ɗaukar hoton marasa lafiya bayan jinya, ya ga aikin curin nan na ciki ya ragu a wajen waɗanda suka samu sauƙi, ko da ƙwaya aka yi musu magani ko da horon ɗabi'a kawai.

Da can ana ɗaukar ciwon a matsayin abin da ba a cika samu ba, domin masu shi ɓoyewa suke yi. Sai da aka bi gida-gida a yankuna biyar na Amurka a shekarun 1980, aka tambayi sama da mutum 18,000, sannan aka ga ashe wajen mutum biyu cikin ɗari na gamuwa da shi a rayuwarsu. Tun a 1978 kuma Stanley Rachman da Padmal de Silva suka nuna cewa mafi yawan masu lafiya ma munanan tunani kan faɗo musu, irin na saɓo, na cutar da wani ko na batsa, sai dai su ba sa tsayawa a kai, tunanin ya wuce kamar ƙuda. Mai jegon nan ya kamata ta ji wannan: tunanin da ke tsorata ta ba niyya ba ce, kuma likitan ƙwaƙwalwa ya ji irinsa daga bakin mata da yawa kafin ita.

Masu bincike sun koma kan yara yanzu. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2015 ya auna igiyar kuskure ta yara 'yan shekara shida, ya bi su har suka kai tara, aka ga waɗanda tasu ta fi girma sun fi kamuwa da ciwon fargaba a tsakanin. Wasu kuma na gwada ko za a iya rage igiyar ta hanyar horar da hankali ya karkata ga wani abu, tunda an lura tana raguwa idan aka ba mai waswasi aiki biyu ya yi a lokaci guda.